Zuwa ga ƙanwata, a kan tabon hannun Gwaggo



 Yaya aiki, yaya kuma jikin Gwaggo? Allah Ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi da ita.

Hotunan da kika turo sun iso, haka ma takardar gwajin allura. Na gwammace in rubuto miki a tsanake, domin duk sanda na kira akwai mutane kusa da ke, kuma maganar doguwa ce. Ina so ki samu abin da za ki riƙa komawa kina dubawa, in ta kama ki nuna wa likitan fiɗa.

Kin ce gida ya yi hamdala da aka karanta cewa jini kawai aka gani, babu ƙwayar kansa. Ni hankalina bai kwanta ba, kuma na san da naki ya kwanta da ba ki turo mini ba. Takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da allura ta zuƙo ke nan. Amma a irin ciwon da nake tsoro, jinin ne allura za ta zuƙo ko da ciwon yana nan zaune daram. Sakamako irin wannan ba ya wanke kowa. Abin da yake nufi kawai shi ne har yanzu ba a yi gwajin da ya dace ba.

Kin san cewa kowace jijiyar jini, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa siririyar da ido ba ya gani, cikinta a shimfiɗe yake da layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta. Haka ma magudanan ruwan jiki da ke bi ta kaluluwa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka rikiɗe suka zama kansa, ba sa barin aikin da aka halicce su dominsa, suna ci gaba da ƙera hanyoyin jini, sai dai karkatattu, masu yoyo, marasa mafita. Saboda haka ƙarin yakan zama mafi yawansa jini ne, ƙwayoyin ciwon kuwa suna manne a bango, siririyar allura ba ta ɓamɓaro su. Mafi muni a cikin wannan dangi shi ne wanda muke kira anjiyosakoma. Ba shi da yawa ko kaɗan. Kansar tsoka da ƙashi gaba ɗayanta kusan ɗaya ce cikin ɗari na kansar manya, shi kuma ɗaya ne ko biyu cikin ɗari na ta tsokar. Likita zai iya yin aiki har ya yi ritaya bai ci karo da shi ba, don haka kada kowa ya ga laifin wanda ya yi gwajin allurar. Ya yi abin da ake yi wa yawancin ƙari.

Abin da ya sa na kawo shi a kan Gwaggo shi ne tarihin hannun nan. An cire mata nono fiye da shekara goma da suka wuce, an kwashe kaluluwar hammata, an yi mata gashi, tun daga lokacin kuma hannun bai sake saɓewa ba. A 1948 wasu likitoci biyu a asibitin Memorial da ke New York, Fred Stewart mai duba tsoka kamar ni, da Norman Treves likitan fiɗa, suka ba da rahoton mata shida da irin wannan ya same su: an cire nono, hannu ya kumbura shekara da shekaru, sai tabo mai kama da kwanciyar jini ya fito, ashe kansa ce ta magudanan. Har yau da sunansu ake kiran abin. Yawanci sai bayan kimanin shekara goma yake ɓullowa, lokacin da kowa ya saki jiki an manta da asibiti. Ba nono kaɗai ba, duk wani kumburi da ya daɗe ruwa na kwance a gaɓa yana iya jawo shi, har tundurmi, kuma wannan ya shafe mu a nan ƙasar. Gashin ma da kansa yana iya haifar da shi a fatar da aka gasa, galibi bayan shekara biyar zuwa goma.

Kada wannan ya firgita ki. A cikin matan da aka yi wa irin aikin Gwaggo, waɗanda abin ke samu ba su kai ɗaya cikin ɗari biyu ba. Kuma akwai wasu abubuwan da za su iya ba da wannan kamar. Ƙwayar cuta tana yawan shiga fatar hannu mai kumburi, sai dai wannan yakan zo da zafi da zazzaɓi, ke kuwa kin ce wurin ba zafi. Tsohuwar kansar nonon tana iya dawowa a fata. Akwai ciwon Kaposi, wanda zan zo kansa. Akwai kuma bugewa ta gaske. Amma kwanciyar jini ta bugewa tana canza launi tana dusashewa cikin mako biyu ko uku. Ta Gwaggo ta haura wata biyu, tana ƙara faɗi, kuma a hoto na uku na ga wasu 'yan ƙuraje biyu masu duhu sun taso a gefe, nesa kaɗan da uwar tabon. Su ne suka fi tsaya mini a rai. Hoto ba ya yanke hukunci, musamman a baƙar fata, inda abin da littattafan Turawa ke kira ja ko shunayya yake fitowa a matsayin duhu kawai da ɗan sheƙi. Ki duba shi da rana a tsakar gida, ki shafa da yatsa ki ji inda kaurin ya tsaya, za ki tarar ya wuce inda launin ya tsaya.

Abin da ake bukata shi ne a yanko tsoka. Na san nauyin wannan a wurinki. Shekara da shekaru kina tsare hannun nan, ba allura, ba awon hawan jini, ba ko zobe, kin yi faɗa da ma'aikata da yawa a kansa, yau kuma ga yayanki yana cewa a sa masa wuƙa. Dokar tana nan, kuma ki ci gaba da riƙe ta, amma wannan shi ne uzurin da ya fi ta ƙarfi. Ki roƙi likitan fiɗa ya ɗiba da zurfi har ya kai kitsen ƙarƙashin fata, daga wuri fiye da ɗaya: inda ya fi kauri, da ɗaya daga cikin 'yan ƙurajen. Ya guji wurin da ya fara ruɓewa in akwai, mataccen nama ba ya gaya mana komai. Dalilin ɗiba daga wurare da dama shi ne ciwon yana da fuska biyu. A gefe-gefe yakan yi lumui, jijiyoyinsa kamar na lafiya, har a rubuta cewa ƙari ne mara illa, alhali can tsakiya ƙwayoyin sun haukace.

Bari in gaya miki abin da nake nema idan gilashin da aka shimfiɗa tsokar a kai ya zo gabana. A ƙaramin madubi nake farawa, ina duba tsarin kafin in duba ƙwayoyin. Ƙarin jini mara illa yana da iyaka, jijiyoyinsa zagayayyu ne, kowace da bangonta, a tattare wuri ɗaya. Wannan kuwa hanyoyinsa suna ratsa zaren fata suna haɗewa da juna ba tsari, kamar hanyoyin gara a cikin ƙyaure, suna kewaye tushen gashi da ƙwayoyin kitse suna wucewa. Sai in matso da babban madubi. Ƙwayoyin da ya kamata su kwanta shafal a bango sai in gan su sun kumbura, cibiyarsu ta yi baƙi, sun hau kan juna sun yi tudu zuwa cikin ramin, wasu suna tsakiyar rabuwa gida biyu. Idan na ga haka, na kusa tabbata. Amma wani lokaci ba ramin ma sam, sai dunƙulen manyan ƙwayoyi da suka yi kama da kansar nono sak, kuma ga mace mai tarihin kansar nono, hannu yakan yi saurin rubuta cewa tsohuwar ce ta dawo. A nan ne rini na musamman yake raba gardama. CD31 da ERG suna kama ƙwayoyin da asalinsu bangon jijiya ne, CD34 yana taimakawa. Rinin da ake gane kansar nono da shi, wato keratin, yana iya kama wasu nau'o'in anjiyosakoma, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai kuma MYC, wanda yake yawaita a irin wanda gashi ko daɗaɗɗen kumburi ya haifar, kuma da shi ake bambanta shi da wasu 'yan tabo marasa illa da kan fito bayan gashi.

Ba kowane asibiti ke da waɗannan rinin ba, kuma ba sai an sake yanka ba kafin a same su. Tsokar da aka ɗiba ana daskarar da ita a cikin kaki, wannan dunƙulen kakin kuwa yana tafiya a ambulan zuwa ko'ina ba ya lalacewa. Ki nemi a ba ku shi tare da gilasan, hakkin mara lafiya ne. Amma duk wannan ya dogara ga mintunan farko, kuma a nan ne ke za ki tsaya da ƙafarki. A jefa tsokar nan take cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda yawansa ya ninka tsokar sau goma, a kwalba mai faɗin baki. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba, kada kuma a bar ta a kan auduga ana jiran a samo kwalba. Sannan takardar da za ta raka ta: a rubuta shekarar da aka cire nono, a rubuta an yi gashi, a rubuta tsawon shekarun kumburin, a rubuta ƙarara cewa ana zargin kansar jijiyar jini. Babu abin da ke ci mini rai a wurin aiki kamar kwalba ta zo da takarda mai kalma uku, ƙari a hannu. Mai duba tsoka ba ya ganin mara lafiya, da abin da aka rubuta masa yake gani.

Kafin a sa wuƙa, a ɗibi jini daga ɗaya hannun. Ina son cikakken ƙidayar jini, musamman filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da gwajin daskarewa. Waɗannan ciwace-ciwacen suna da wata illa da ba a cika tunawa da ita ba. Jini yana shiga karkatattun hanyoyin ya maƙale ya daskare, a hankali ƙarin ya cinye filatilet da sinadaran daskarewa, sai sauran jiki ya rasa. Mutum ya fara haɓo, dasashi na jini, wurin allura ya ƙi tsayawa.

Tunda kina zagayawa ɗakin yara a asibiti, ki riƙe wannan, don a can ne abin ya fi tsanani. A 1940 Haig Kasabach da Katharine Merritt suka bayyana jaririn da ƙarin jini ya cinye masa filatilet. An shafe shekaru ana ɗauka cewa jan tabon nan na jarirai da aka saba gani, mai girma a watannin farko ya koma da kansa, shi ke jawo haka. Sai a 1997 aka tabbatar cewa ba shi ba ne, wani ƙari ne daban mai ratsa tsoka, da ɗan'uwansa. Bambancin yana da amfani a aikace. Na gama-garin, in ya bukaci magani, furofanolol yana yi masa, abin da likitocin Bordeaux a Faransa suka gano a 2008. Wancan kuwa sai sirolimus, ko binkiristin, sau da yawa tare da sitiroyid. Idan kika ga jariri da kumburi mai tauri, mai zafi, mai duhu da sheƙi a cinya ko kafaɗa ko wuya, ga ɗige-ɗigen jini a fata, a ƙirga filatilet a ranar. Kuma kada a yi gaggawar ƙara masa filatilet don kawai adadin ya faɗi, ƙarin ne zai haɗiye su ya ƙara kumbura. Sai in yana zubar da jini ko za a shiga tiyata.

Na ce zan zo kan Kaposi. Shi ne ɗan dangin da muka fi gani a Afirka nesa ba kusa ba. Moritz Kaposi ya bayyana shi a Biyana a 1872 a jikin wasu maza manya, a 1981 ya ɓulla a jikin samari a Amurka ya zama ɗaya daga alamun farko na ƙanjamau, a 1994 kuma Yuan Chang da Patrick Moore suka gano ƙwayar bairos da ke haddasa shi, HHV-8. Shi ya sa gane shi ya fi sauƙi a wurinmu: akwai rini da ke nuna bairos ɗin a cibiyar ƙwayoyin, in ya kama magana ta ƙare. Kuma shi ya sa za a yi wa Gwaggo gwajin ƙanjamau. Ki gaya mata da bakinki kafin wani ya gaya mata, ki ce ƙa'ida ce ga duk mai irin wannan tabo, kuma ciwon yana kama tsofaffin da ba su da ƙanjamau ma. Ki haska mata ganɗa da dasashi da tocila, ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. A ɗakunan asibitinmu an saba kallon tabo a ce Kaposi ne a fara magani, kuma ban yarda da wannan ba. Akwai wata cutar bakteriya da ke kama masu raunin garkuwa, kamarsu ɗaya a ido, amma ita eritiromaisin ko dokisisaikilin ke warkar da ita. A ɗora wa irin wannan mutum allurar cutar kansa zalunci ne da ɗan yankan fata zai hana. Haka wanda Kaposi ya shiga huhunsa, sau da yawa maganin tarin fuka ake ta ba shi wata da watanni.

Sauran dangin ba su shafi Gwaggo ba, amma ki san da su. Akwai na fatar kai da goshi a tsofaffin maza, wanda ake cewa ai ƙofa ya buga. Akwai na hanta, wanda a 1974 aka gano yana kama ma'aikatan wata masana'antar roba a Louisville ta Amurka saboda sinadarin binil kulorayid, shi kuma huda shi da allura na iya jawo zubar jini a ciki. Na saifa yakan fashe ba sallama. Na zuciya ya fi son ɗakin sama na dama, ya cika jakar zuciya da jini. Akwai kuma wani mai tafiyar hawainiya da Sharon Weiss da Franz Enzinger suka sa wa suna a 1982, wanda ke fitowa ɗigo-ɗigo a hanta ko huhu har a ɗauka kansa ce ta bazu daga wani wuri, alhali wasu masu shi suna shekaru ana sa musu ido kawai.

Idan sakamako ya tabbatar da abin da nake tsoro, hoto biyu za a nema. MRI na hannun, don a ga iyakarsa ta gaskiya, da CT na ƙirji, domin huhu ne zangonsa na farko kuma hoton ƙirji na yau da kullum yana tsallake ƙananan. A huhu yakan yi wasu 'yan ƙwanso masu siririn bango, ɗaya ya fashe iska ko jini ya taru a ƙirji, huhun ya lotse. Saboda haka tun daga yau, in Gwaggo ta ce numfashi ya yi mata wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke ta, ko ta yi tari da jini, ba a jiran gari ya waye. In tabon ya fashe, ki danna da gozi ki riƙe sosai ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba, in za ki canza kuma ki jiƙa shi da ruwan gishiri tukuna, kada ki fizge busasshe. Ki kwashe asfirin da ibufurofen da dikulofenak daga ɗakinta, har waɗanda masu dubiya ke kawowa, farasitamol ya isa a yanzu.

Sai maganar ƙaho. Kin ce Inna ta kawo shawarar a kira wanzami ya zuƙe mataccen jinin. Na fahimce ta, abin a ido haka yake, kuma ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma ina roƙonki da girman Allah, kada a yi ƙaho, kada a yi sakiya, kada a tsaga a shafa komai. Jinin ba matacce ba ne, a haɗe yake da jijiyoyi masu rai da ba su iya tsukewa, in aka tsaga zai yi wuyar tsayawa, kuma hannu mai kumburi ba ya iya yaƙi da ƙwayar cuta. Ki ce wa Inna ni na hana, ta yi fushi da ni. Addu'a da rubutu da tofi duk a ci gaba, ba su hana komai.

Ba zan ɓoye miki ba, in anjiyosakoma ne, ciwo ne mai tsanani, mai dawowa bayan an yanke, kuma a cikin masu shi gaba ɗaya kusan ɗaya cikin uku ne ke kai shekara biyar. Wanda ke fitowa a kumburarren hannu yana cikin masu wuya. Amma wanda aka kama yana ƙarami bai bazu ba, shi ke da rabo mafi girma, kuma fakilitakzel da ake ba da shi mako-mako yana rage shi ga mutane da dama, ya tsayar da jini, ya sauƙaƙa ciwo. Za ki ji ana raɗe-raɗin yanke hannu. Kada ki bari a kai wannan magana kunnenta kafin a san sunan ciwon da iyakarsa, hukunci ne na likitocin fiɗa da na kansa tare da ita kanta, bayan hotuna.

Ita kanta na ce, domin na san halin gidanmu, za a so a ɓoye mata. Matar da ta shiga tiyata da ƙafarta, ta yi ta zirga-zirgar gashi tana tambayar likita dalla-dalla, ba ta cancanci a yi ta ƙus-ƙus a bayanta ba. Ki ce mata gwajin farko bai wadatar ba, ana so a ɗebi ɗan nama a tabbatar, kuma ni ne na nema. In ta tambaye ki ko ciwon ne ya dawo, ki ce yana cikin abin da ake dubawa, shi ya sa ba ma son jinkiri.

Ki yi ƙoƙari a ɗibi tsokar cikin makon nan. Na tura kuɗin aikin da na rinin ta asusunki, kada ki tsaya jiran taron dangi a kansa. Da zarar kakin ya fito ki kira ni, zan gaya miki wanda zai karɓo shi, zan kuma duba tare da wani abokin aikina da ya fi ni yawan ganin kansar tsoka. Ki aiko mini da adadin filatilet ɗin ko da dare ne.

Ki gaishe da Gwaggo da kyau, ki ce ina nan tafe in Allah Ya yarda. Ki gaida Inna da maigidan, ki shafa mini kan yara. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

Wassalam,
Yayanki.